Bangon Mujallun Mata Da Kallon Kitsen Da Muke Yi Wa Rogo



Daren wata Laraba, bayan mun idar da sallar isha'i a ɗan masallacin layinmu, wani bawan Allah ya tsaya sai da kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, don Allah ka taka mu je gidana, in ba haka ba yau sai wani ya kwana a waje." Muka bi shi. Ba za mu faɗi suna ba, ba za mu faɗi layi ba, don ba tonon asiri ya kawo mu ba. Abin da ya faru shi ne, uwargidan ta ci bashi a ɗaya daga cikin ƙananan bankunan nan masu karɓar biya mako-mako, waɗanda maƙwabtanmu Yarbawa suke kwatanta bashinsu da rungumar fitila mai zafi, kuma ba da sanin mijin ba. Da biya ya gagara, sai ga masu karɓa har ƙofar gida da rana tsaka, yara suna kallo, maƙwabta suna leƙe.

Muka tambaye ta me aka yi da kuɗin. Ta buɗe akwati ta fito da leshi ɗinkakke, da gwaggwaro, da jaka da takalmi mahaɗi, sau ɗaya tak aka sa su. A ƙarƙashinsu akwai wata takarda mai sheƙi da aka yago, ta sha ninki har ta fara kecewa. Bangon wata mujallar mata ne. Ta ce, "Malam, wannan na kai wa tela. Ƙawayen amarya gaba ɗaya irinsa muka yi. In ban yi ba, da wane ido zan dube su?"

Mijin ya fizge takardar zai cusa ta a murhu. Muka ce, "Alhaji, dakata. Ƙona wannan ba zai biya bashi ba, kuma wata mai zuwa wani bangon zai fito. Ba mu ita mu duba." Mako biyu tana aljihunmu, in kasuwa ta lafa mu ciro ta mu ƙura mata ido. Abin da muka gani a cikinta shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mu 'yan kasuwa ne tun kafin a fara tura mu gaban sahu. Shekara talatin da wani abu muna sayar da atamfa da leshi da shadda, mun san Kantin Kwari, mun san Balogun, mun san Gbagi. Kakanninmu da aka ware wa wannan unguwa a 1916 goro da shanu suka riƙe, kuma duk wanda ya tashi a gidan fatauci ya san abu ɗaya: marsa ake jerawa a sama, minu a ƙasa. Ku je Sasa da asuba ku ga yadda ake gyara bakin kwandon tumatir. Mu kanmu, turmin da ya fi ɗaukar ido shi muke ratayewa a ƙofar shago, ko da ba shi ya fi nagarta ba. To jama'a, bangon mujalla shi ne bakin kwando. Wanda ya shirya shi ɗan'uwanmu ne a sana'a, sai dai shi ya je makaranta ya karanci yadda ido ke tafiya a kan takarda.

Ku tsaya wata rana a gaban teburin mai jarida a shataletalen Mokola ko a Dugbe, ku lura da kyau. Sunan mujalla yana can sama da manyan baƙaƙe, saboda an san mai jarida jera su zai yi wata a kan wata, saman kawai zai fito. Matar da ke kan bangon ke take kallo, ido cikin ido, don an san mutum ba ya iya wuce wanda ya zuba masa ido bai waiwaya ba. A gefe an jera gajerun alkawura, galibi da lamba a ciki: hanyoyi kaza na riƙe miji, ɗinkuna kaza na wannan shekara, sirrin kaza na rage tumbi. Lamba tana sa a ji kamar an auna abin da mudu. Launin rubutun ma an zaɓe shi ya dace da kayan da ta sa. Babu abu ɗaya a wannan shafi da ya faɗo bisa kuskure. Mutane ne suke zama a kai, su yi gardama, su cire wannan su sa wancan, duk a kan tambaya ɗaya: wace mace muke so ta tsaya?

Da muka juya bayan takardar baiwar Allah ɗin nan, me muka gani? Tallar man shafawa, shafi guda cur. A nan maganar take. Kuɗin da kike miƙa wa mai jarida, 'yar'uwa, ba shi ke riƙe mujalla ba. Takarda mai sheƙi tsada gare ta, ga mai hoto, ga ma'aikata, ga buga launi. Talla ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Kowace babbar mujalla tana da takardar da take kai wa kamfanoni, a ciki ta bayyana su wa ke karanta ta, shekarunsu nawa, a wane gari suke, yaya samunsu yake, sannan ta yanka farashin kowane shafi. Bayan bango da cikinsa su ne suka fi tsada. Ashe ciniki biyu ake yi a lokaci guda. An sayar miki da mujalla, ke kuma an sayar da idonki ga mai man shafawa da mai turare da mai banki. Mu da muka san dillanci, mun san wanda ke karɓar la'ada ta fuska biyu.

Tun da haka ne, kowane bango da macen da aka ɗana wa shi. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai na biki. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Ovation, wadda Dele Momodu ya fara bugawa a 1996 lokacin yana gudun hijira a Landan. Ba ta kira kanta mujallar mata ba, amma a shagon tela da na gyaran gashi ta fi daɗewa, har sai ta yage. Ita da masu kwaikwayonta, bangonsu auren masu hali ne, ko bikin cika shekara, ko taron binne wani attajiri: leshi mai nauyi, gwal har gwiwar hannu, ɗauri kamar faifai. Masu bikin su ne abokan ciniki na farko, suna son a gan su. Abokan ciniki na biyu su ne dubban mata da ba a gayyace su ba, waɗanda za su ɗauki hoton su kai wa tela.

Akwai na matar ofis. Genevieve ta Betty Irabor, wadda ta fara fitowa a 2003, da TW ta Adesuwa Onyenokwe da ta biyo baya a 2007, da mujallun da ke zuwa cikin jaridun Lahadi irin su ThisDay Style da Allure ta Vanguard. A nan ba cunkoso. Mace ɗaya ce tsaye, bayanta fes, kwalliyarta a natse, rubutun gefe yana maganar aiki da lafiya da kafa kasuwanci. Wannan bangon yana ce wa ma'aikaciyar banki da lauya da malamar jami'a, ke ma kin isa. Tallar da ke ciki kuwa ta mota ce da agogo da fili a Lekki.

Akwai na tsegumi, irin salon da City People ta shahara da shi tun 1996: fuskoki barkatai a bango ɗaya, ja da rawaya, kowane lungu da kanun labari, wane ya auri wance, wance ta bar gidan wane. Farashinsa ya fi sauƙi, don an yi shi ne saboda 'yar kasuwa da mai kitso da wadda ke jiran mota a tasha. Akwai kuma littattafan ɗinki zalla, waɗanda babu ko labari a cikinsu sai hotuna, su ne suke rataye a kowane shagon tela daga nan har Ojoo.

Sai kuma namu. Ko kuwa mu ce waɗanda muke ɗauka namu ne. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta nuna wa kowa cewa fuskar 'yar wasan Hausa a bango tana sayar da takarda har a Kudu, don mun ga yadda ake rububinta in an sauke kaya daga Kano. Daga baya ga Tozali daga Abuja, ga Tambari da ke zuwa cikin Daily Trust. A waɗannan za ka ga gyale, ka ga laffaya, ka ga ƙunshi ja da baƙi har damtse, ka ga amarya cikin alkyabba. Maigidan da zai kori bangon Legas daga ɗakinsa, in ya ga wannan sai ya ce, "Yawwa, ai waɗannan namu ne, sun rufe jikinsu." Shi ke nan, an buɗe ƙofa.

A nan ne muke so mu ɗaga murya, don a nan ne aka fi cin mu. Ba mu ce masu waɗannan mujallu mugaye ba ne, mutane ne masu neman halalinsu, kuma sun ɗaga al'adunmu a inda a da ba a ganinsu. Amma gyale a bango ba ya canja abin da bango yake. Ɗan kasuwa da ya ga kwastomarsa ba ta cin naman alade ba zai rufe shago ba, rago zai yanka mata. An auna an ga matan Musulmi suna da kuɗin kashewa, sai aka shirya musu bakin kwandonsu. Leshin da ke ƙarƙashin wancan gyalen, da sarƙar da ke leƙowa, da jerin ranakun biki da ake nunawa, kamu daban, sa lalle daban, dina daban, wuni daban, kowace rana da shigarta, wannan duka kuɗi ne, kuma ya fi na bangon Legas shiga gidajenmu, don ba mai tsare shi a ƙofa. Bangon da muka karɓa a daren nan, matar da ke kansa a lulluɓe take tsaf. Ba tsiraici ya jefa 'yar'uwarmu cikin bashi ba. Gasa ce.

In kuna zaton wannan hasashen ɗan kasuwa ne kawai, ku dubi abin da ya faru a waje. Mujallar Vogue, wadda aka kafa a Amurka tun 1892, ta buɗe reshen ƙasashen Larabawa a watan Maris na 2017. Wa ta sa a bangon farko? Gigi Hadid, wata shahararriyar mai tallar kaya da ba ta saba sa hijabi ba, aka yafa mata mayafi mai duwatsu ya rufe rabin fuska. Sun san kasuwar da suka shigo. Sannan ga Halima Aden, 'yar asalin Somaliya, wadda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta tashi a Amurka. Ita da hijabinta ta shiga sana'ar. A 2017 ta hau bangon Vogue ta Larabawa, a 2018 ta zama mace ta farko mai hijabi a bangon Vogue ta Ingila. Musulmi da yawa suka yi ta murna, an ce an karɓe mu. A watan Nuwamba na 2020 yarinyar ta fito da kanta ta ce ta ajiye aikin, saboda a hankali hijabin nata ya zama kayan wasan masu shirya hoto, har an taɓa ɗora mata wandon jins a ka a matsayin lulluɓi. Wadda ta zauna a cikin kwandon ke nan ta faɗa mana abin da ke ƙasa. Hijabinta suke so don ya jawo masu saye, ita kuwa don Allah ta sa abinta. Da suka ga dama sai suka lanƙwasa shi yadda zai fi kyau a hoto.

Wani abin da duk bangunan nan suka yi tarayya a kai, na Kudu da na Arewa, shi ne fata. Ku jera goma a tabarma ku ƙirga nawa ne matar da ke kai take da irin launin iyayenmu da suka haife mu. Ita Vogue ta Amurka sai da ta shekara 82 kafin ta sa baƙar mace a bangonta, Beverly Johnson, a 1974. Su can ana iya cewa wariya ce. Mu nan fa, da kowa baƙi ne, me ya sa hasken ke ƙaruwa daga bango zuwa bango? Kuma hoton nan ba haka aka ɗauke shi ba. Bayan fitilu da hoda, ana zama a gaban kwamfuta a goge tabo, a share ƙuraje, a rage ƙugu, a ƙara haske. Abin ya kai ƙasar Faransa ta kafa doka, tun daga ranar 1 ga Oktoba 2017, cewa hoton talla da aka gyara surar jikin mai shi dole a rubuta a jikinsa cewa an gyara. Su da suka ƙirƙiro sana'ar sun ga illarta sun sa mata linzami. Mu kuwa 'yarmu tana duban madubi tana duban takarda, tana neman ta zama abin da ita kanta matar hoton ba haka take ba in ta tashi daga barci.

Daga nan sai man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan mayukan da ke ɗauke da zaiba da haidirokwinon da sauran sinadarai masu cin fata. Suna sa fata ta yi sirara, ciwo ya ƙi warkewa, zaiba kuma tana taɓa ƙoda. Ba sai mun je asibitin UCH mun tambaya ba, muna gani a layi: fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi, kunci ya ƙone. Wallahi in ka ga yarinyar da ka yi wa huɗuba ranar da aka haife ta, ta wuce ka kasa gane ta, sai zuciyarka ta karye.

Mu 'yan Sabo kuma namu ya fi na kowa nauyi, don tarko biyu aka ɗana mana. 'Yar Kano bangon Arewa take kallo. 'Yar Bodija na Legas take kallo. Tamu 'yar tana jin Hausa, tana jin Yarbanci, tana karanta Turanci, ƙawayenta na makaranta rabi nan rabi can. In ƙawarta Bayarabiya za ta yi aure, ga ashobe da gele. In 'yar ƙanwar babanta za ta yi a Zariya ko Katsina, ga anko, kuma dole ta nuna wa dangi cewa zaman Kurmi bai mayar da ita baya ba. Gida ɗaya, samu ɗaya, ana biyan haraji ga kasuwa biyu. Adashin da a da ake ɗauka a sayi keken ɗinki ko a ƙara jarin fura, yanzu ana ɗauka a ɗinka kayan da za a sa sau ɗaya, don an riga an yi hoto da su, kowa ya gani, ba a maimaitawa.

Mun san abin da wasu za su ce. Matasa za su ce, "Haba Baba Liman, wa ke sayen mujalla yanzu? Ai komai ya koma waya." Gaskiya ne teburin mai jarida ya rame. Amma bango bai mutu ba, ƙaura ya yi. Tun 2006 da aka buɗe BellaNaija hotunan biki suka fara komawa intanet, yau kuma mujallun kansu a Instagram suke sakin bangonsu kafin a buga, wasu ma ba sa bugawa sam. Kuma waya ta fi mai jarida wayo. Shi jerawa yake yi ya jira ki zo. Ita kuwa tana lura da hoton da kika tsaya a kai, ta ƙaro miki irinsa, har cikin ɗaki, har kan gado, ƙarfe biyun dare. A da wata-wata ake ɗana tarkon, yanzu ba a ɗauke shi.

Mata kuma za su ce, "To Malam, ado haramun ne? Ku maza kullum a kanmu wa'azinku yake ƙarewa." Wannan magana tana da gaskiya a ciki, kuma mun karɓa. Ado ba laifi ba ne, mace da kwalliya aka san ta, mu da muke sayar da zane mu ne na ƙarshe da za mu ce a daina. Mujallun nan ma ba sharri zalla ba ne. Genevieve ta yi shekaru tana wayar da kan mata a kan ciwon dajin mama. Teloli nawa ne a unguwar nan suka koyi yanka daga waɗannan hotuna suke ciyar da iyali? 'Yan mata nawa ne suka ga likita ko injiniya mai gyale a bangon Tambari suka ce su ma sai sun yi karatu? Ba mu musun wannan. Abin da muke faɗa shi ne a san wa ke magana, kuma me yake so a aljihunki.

Sannan in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu maza mu taɓa ƙirjinmu. Wa ke tsayawa a gaban teburin mai jarida ya fi minti goma yana karatun kyauta, idonsa ba a kan labarin siyasa yake ba? Wa ke komawa gida ya dubi matar da ta wuni a gaban murhu ya ce, "Ke ba kya gyarawa kamar sauran mata"? Wa ke cewa in zai ƙara aure sai fara? Yarinya ba kurma ba ce, tana ji. Kuma mu 'yan kasuwar zane, mu faɗi tamu. In mace ta shigo da hoton bango ta ce irin wannan take so, muna murna. Mu ne muke cewa, "Hajiya, shi ake yayi, saura turmi uku." Mu ne muke haɗa baki da uwar biki a ɗora riba a kan anko, a tilasta wa ƙawaye saya a wurinmu. Mu ne muke ba da bashi muna sane da cewa mijinta ɗan acaɓa ne. A shagunan wa ake sayar da man bilicin ɗin? Ba daga sama yake faɗowa ba. Mu ma da wannan alƙalami a hannu, ba za mu rantse cewa ba mu taɓa cin ribar irin wannan ciniki ba. Allah Ya yafe mana.

Shi ya sa ba mu tare da masu cewa a tattara a ƙona, a ƙwace waya, a kulle ƙofa. An gwada, bai yi ba. Abin da aka hana da bulala ana kallonsa a gidan maƙwabta. Maganin mai wayo shi ne a san wayonsa. Yaron da ya tashi a kasuwa ba a sayar masa da kwando don kyan bakinsa, hannu yake zurawa har ƙasa. Wannan tarbiyyar muke so a ba 'ya'yanmu mata a kan takarda da waya.

Muna roƙon malaman Islamiyyunmu, musamman na ajin matan aure, su ware ko da rabin awa a wata. A kawo bango uku ko huɗu daban-daban a shimfiɗa, a tambayi ɗalibai: wannan wa aka yi wa shi? Me aka yi mata alkawari? A juya baya a ga wa ya biya. A buɗe ciki a nemo ƙananan rubutun da ke cewa kaya daga wane, kwalliya daga wance, hoto daga wane, don su gane cewa sau da yawa kayan da ke jikin matar ba nata ba ne, mai ɗinki ne ya bayar don a tallata masa, in an gama hoto a ninke a mayar. Ita aro ta yi na awa biyu, ke kuma ki ci bashin wata shida ki saya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Muna roƙon ƙungiyoyin matan unguwa su zauna su yanka wa anko iyaka, biki ɗaya anko ɗaya, kuma na atamfar da kowa zai iya, wadda ba ta samu ba ta zo da abin da take da shi, kada a yi mata kallon banza. Iyayenmu mata in suka haɗa baki a kan abu, ba namijin da ya isa ya karya, balle 'yan mata. Mu kuma 'yan kasuwar zane za mu kai wannan magana taronmu na gaba: kada a ba matar aure bashin kayan biki sai an tabbatar gidanta ya sani. Za a yi asarar ciniki kaɗan, mun sani. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, gidan da bashi ya rusa ba ya sake sayen ko ɗankwali.

Ita ma wannan mujalla tamu ba za mu ƙyale ta ba. Mun duba tsofaffin fitowa, bangonmu kullum rawani ne da babbar riga da 'yan siyasa masu kawo ziyara. Shin babu mace a Sabo? Ina ungozomar da rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo? Ina mai furar da ta yi ta dama har ɗanta ya gama Jami'ar Ibadan? Ina malamar da ta shekara ashirin tana koyar da matan aure baƙi da wasali ba albashi? A nemi izininsu da na mazajensu. Wadda ba ta son a ga fuskarta, a ɗauki hannunta a kan aikinta. In ba mu nuna wa 'ya'yanmu matan da za su yi koyi da su ba, wasu za su nuna musu, kuma su ba kyauta suke yi ba.

Game da gidan da muka fara da shi, Alhamdu lillahi aure yana nan. 'Yan'uwan miji da na mata suka haɗa aka biya rabi, sauran ana biya a hankali. Leshin an ba dillaliya, ko rabin kuɗinsa bai dawo ba. Da muka koma mayar mata da takardarta, muka juya mata bayan muka nuna mata tallar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wata huɗu tana akwatina, ban taɓa juya ta ba." Ta ce mu bar ta a wurinmu. Tana nan a shago ƙarƙashin littafin bashi, duk mai son gani ya biyo.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu wadatar zuci, Ya shirya mana zuri'a. Wanda maganarmu ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wassalamu alaikum.